Nonon Duwatsun Jigida

Har yau ranar da Malama Asabe ta shigo shagona a Kawo ba ta fita raina ba. Farkon shekarun casa'in ne, ina sayar da kayan mata: atamfa, jigida, rigar mama. Rabin cinikina a shago nake yi, rabi gida-gida. Ku da kuke koyon sana'ar nan kun san jarin dillaliya bakinta. Idan muna son kaya ya shiga, sai mu ce, "Matar wane ma ta ɗauki irinsa." Da wannan na gina shagona.

Malama Asabe ita ce shugabar masu buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati. Sista Rifkatu ce ta rako ta, babbar nas a ɗakin tiyatar mata, 'yar kudancin Kaduna. Ta sa na tura ƙofa, sannan ta ce an cire wa Malama nonon hagu saboda ciwon daji. Likita ya faɗa mata hanyoyin da ake bi: ko a yanko tsoka daga bayanta ko cikinta a gina wani, ko a dasa na roba ƙarƙashin fata, ko ta sa na waje cikin rigar mama. Biyun farko sai an sake yanka, kuma a lokacin masu yin su sun yi mana nisa. Malama ta ce wuƙa ɗaya ta ishe ta.

"Hajiya," in ji Sista, "ke kika san rigar mama. Amma bakin nan naki, ki bar shi a gida."

Na ɗinka aljihu a cikin rigar, na cusa auduga. Kwana uku ta dawo tana dariya. "Yaya, abin naki ba ya zama. Ina ɗaga hannu sai ya haura kafaɗa." Nauyi ya rasa. Na gwada gero, gumi ya lalata shi. Ƙarshe na zuba ƙananan duwatsun jigida cikin jakar yadi mai laushi, na naɗe da auduga, muna ƙarawa muna ragewa har kafaɗunta suka daidaita. Ta koma ofis, ba wanda ya sani.

Bayan kusan shekara na kai kaya Unguwar Sarki, gidan wata Binta mai 'ya'ya huɗu, wadda mijinta ke aiki a ma'aikatar su Malama. Na tarar an sa mata ranar irin wannan aiki, ta ce ba za ta je ba. "Gara a binne ni da jikina cikakke, Hajiya."

Sai bakin dillanci ya riga ni. "Ai ko a ma'aikatar maigidanki akwai wadda..." Na kama kaina, amma rabi ya fita. Mata nawa ne a ma'aikatar?

Washegari na je na faɗa wa Malama Asabe, kaina a ƙasa.

"Sista ta gargaɗe ki," ta ce. "Yaushe ne ranar aikin nata?"

"Litinin."

"To ɗauko mayafinki."

A ɗakin Binta, bayan gaisuwa, Malama ta miƙe tsaye ta ajiye gyalenta. "Ƙanwata, dube ni da kyau. Wanne aka cire?"

Binta ta duba, ta sake dubawa, ta nuna na dama.

"Kin faɗi jarrabawa." Ta sa hannu ta zaro jakar daga hagu, ta ɗora mata a tafi, da ɗuminta. "Wannan Hajiya ce ta ɗinka. Ni kuma ga ni, jiya na yi wa autata kitso. Naki wa zai yi musu?"

Binta ta riƙe jakar tana kuka. Ranar Litinin Sista Rifkatu ce ta karɓe ta a asibiti. Da tabon ya warke, ni na auna ta.

Abin da na koya shi ne, akwai kayan da ba a tallarsa da sunan mai shi. Na ɗinka irin jakar nan da yawa bayan haka, ban sake ambaton kowa ba. Ko wannan labarin, Malama ce ta ce in riƙa ba ku. Sirrin nata ne, ita kaɗai ke da ikon buɗe shi, kuma ta buɗe shi ranar da zai ceci wata.