Mai Murza Taliya a Lungun Bari

A wani lungu na tsohon garin Bari, a ƙasar Italiya, wata tsohuwa mai baƙar riga na zaune bakin ƙofarta, tana murza taliya da babban yatsa a kan katako. 'Yan yawon buɗe ido sun yi mata rumfa da wayoyi. Gaɓoɓin yatsunta a kumbure suke, tana murzawa tana cije leɓe.

Maƙwabciyarta ta leƙo daga bene. "Ke Titina, ki huta mana! Hannun nan ya gama aiki."

"Naki da bai taɓa farawa ba fa?" in ji tsohuwar.

Da baƙin suka wuce, sai ta tsoma hannun cikin ruwan ɗumi, ta runtse ido. Ina jin ita kaɗai ta rage a gidan. Ranar da ta ɗauke katakon nan, babu mai sake tsayawa ya gaishe ta, kuma ta sani.