Muryar Baba mai fulawa

Shekarar korona aka kulle mu a gidanmu na Al Gharrafa, a ƙasar Qatar, har na haddace yawan tayil ɗin falo. Abba yana wurin aiki a asibiti, Umma tana wanke komai da sanitaiza, har ni. Abin wasana ɗaya ya rage: tsohon Ba'indiyen da ke ba fulawa ruwa. Ta taga nake tsokanarsa da Indiyancin fim.

Ran nan ya ajiye tiyo ya ce min da gurgun Larabcinsa shi ba ya jin wannan. Harshensu Irular ne, kuma jikokinsa ma ba sa yi. 'Yarsa ta faɗa masa akwai manhajar da tsofaffi ke zuba kalmomi don yara su saurara, amma wayarsa mai tocila ce.

Na ce, "Baba, ai tawa tana ɗaukar muryar aljani ma."

Kullum da la'asar sai in miƙa wayar ta taga. Ya kan gyara tsayuwa kamar mai gaida sarki, ya faɗi sunayen macizai, da na saiwoyi, da waƙar da uwarsa ke yi in za a ɗebo zuma. Sai dai kowace murya sai an danna mata "tura", ni kuwa wasan ƙwallo na jirana a wayar. Na ce zan haɗa in tura gaba ɗaya.

"Saƙon ya tafi?" in ji shi.

"Khalas, an gama, Baba, har ya sauka Indiya ya sha shayi."

Dab da gasar kofin duniya aikinsa ya ƙare, ya koma gida. Ranar da Abba ya kai ni filin wasa, wayata ta ce ta cika. Ana shirin bugun fanareti. Na goge manhajar da yatsa ɗaya.

Bayan wata biyu 'yarsa ta turo saƙo ta lambata da ya ba ta. Shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba, maganarsa ba ta fita. Ta duba manhajar ba ta ga muryarsa ba, da wane suna na tura?

Na sake sauke manhajar. Wayam.

Bidiyon fanaretin yana nan, rabinsa ƙeyar wani mutum ce. Kalma ɗaya ta maƙale a kaina cikin duk abin da ya faɗa, ban ma san ko maciji ba ce ko saiwa. Ita na ɗauka da muryata na tura mata, sannan na rubuta mata abin da na yi.