Mai Shinshina Dusa

Tsohon mai kula da garken nan ya gaji da masu bincike. Su zo da takardu, su yi ta bayani, su tafi. Yau kwana uku saniyarsa ba ta ci, ga wata mai binciken kuma ta iso, gajera, tabaraunta ɗaure da zare. Ba ta tambayarsa komai. Tana tsugune tana farfasa kashin saniyar da yatsa, sannan ta ɗebi dusa tana shinshinawa.

A ransa yana cewa, wannan ta share garke kafin ta ga jami'a.

Ta ce, "Baba, dusar nan ta yi funfuna. Kai za ka ci?"

"Allah ya kiyaye, 'yata."

Ya kifar da dusar, ya jawo mata kujerarsa.