Abin da Ke Ƙarƙashin Hular Wakili

Tsofaffin Kwaya, idan hira ta biyo ta kan aski, sai sun ambaci Muttaƙa ɗan Wakili. Sukan ce ba a yi wanzami mai sanyin hannu irinsa ba, mutum kan yi gyangyaɗi aska na yawo a kansa. Abin dariyar shi ne, sai da ya ba shekara talatin baya kafin ya fara riƙe aska.

Gidansu gidan wanzanci ne tun kakanni. Amma yana tasowa aka ɗebe shi aikin tilas na Nasara, gyaran hanyar mota daga Magarya zuwa Damagaram. Da aka sallame shi bai koma gida ba, ya zauna a Magarya yana dakon buhunan gyaɗa. Sai shekarar da aka hana aikin tilas ya dawo, tafin hannunsa duk kanta, yatsu kamar taɓarya. Ya tarar da mahaifinsa ya tsufa, hannunsa na dama yana rawa, zabira kuwa, jakar fatar da ake zuba asake, tana rataye a bango.

Akwai wani mai shanu a gefen gari, Mamuda. Tun zamanin kakansa, duk jaririn da aka haifa a gidan, wanzamin gidan Wakili ke yi masa askin suna. A lokacin matarsa Saude na da cikin wata bakwai. Mamuda ya zo har zaure, cikin ladabi ya ce, "Baba Wakili, ba raini ba ne. Kan jariri ne. In hannun bai tsaya ba, zan aika Sassumbrum a kawo wanzami."

Kowa ya san in gida ɗaya ya aika, sauran za su bi, zabirar ta mutu ke nan. Da Mamuda ya fita, Wakili ya sauko da ita ya ajiye gaban ɗansa.

Aka fara da duma. Tsoho ya shafe ɗanyen duma da laka, ya ce a kankare lakar kar a taɓa bayan duman. Muttaƙa ya kama aska kamar yadda ya saba kama diga, ya yi wa duman nan kaca-kaca. Goggo, ƙanwar Wakili, ta leƙo ta ce, "Kai, ɗan nan! Dumana na ƙwarya za ku ƙarar mini?"

"Kwantar da askar, Muttaƙa," in ji Wakili. "Kar ka tsai da ita. Hagu ke aski, ita ke jan fata, dama bi kawai take yi. Kuma ka jiƙa gashi, ka murza ruwan har ya shiga."

Duma ya yi, sai kan mutum. Nan aka ji kunya, don duk Kwaya an rasa mai ba da kansa. Abokansa na yarinta, suna hango shi da zabira sai su tuna suna da aiki a gona. Abin ya yi wa Muttaƙa ciwo ƙwarai, har ya fara maganar komawa dako.

Ran Juma'a da hantsi Wakili ya shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki, ya cire hula, ya sunkuya. "Bismilla."

"Baba, zan yanke ka."

"Na sani. To, wa kake so ka yanka?"

Ya yanke shi kuwa, wuri biyar a ranar. Tsohon ko motsi bai yi ba, sai dai ya ce, "Ka tsai da ita," ko "Ka saki fatar." Aka shafa toka, ya mai da hula, ya tafi masallaci. Haka kowace Juma'a, gashi bai gama tsirowa ba a sake bi. Ko a cikin gida Wakili ya daina cire hula.

Saude ta haifi namiji. Ran suna da safe maza suka cika ƙofar gida, liman ya raɗa suna, aka yanka rago, aka fito da jariri. Mamuda ya dubi hannun Muttaƙa, ya dubi kan ɗansa, maɗiga tana bugawa a hankali, sai ya ƙi miƙa shi.

Wakili ya tashi. Dattijo irinsa ba ya tuɓe hula a taro, amma ya tuɓe, ya duƙa gaban Mamuda. "Duba da kyau, ɗana. Tabon ƙeya su ne na farko, sun warke. Waɗannan na wata guda ne. Askin jiya kuma, nemo mini yanka ɗaya." Mamuda ya duba, bai samu ba. "Duk yankan da zai yi ya gama shi a nan," in ji tsohon. "Bai rage wa ɗanka ko ɗaya ba."

Mamuda ya miƙa jaririn. Muttaƙa ya jiƙa ɗan gashin, ya kwantar da aska, ya bi kan nan tas, yaron bai ko farka ba. Goggo ce ta fara guɗa daga cikin gida.

Shekara arba'in ya yi yana yawo da zabirar, daga Kwaya har ƙauyukan Mallawa, har reza ta zo ta cika kasuwa. Wakili dai damina biyu kawai ya ƙara, ya rasu. Muttaƙa ne ya yi masa wanka. Ya ce da ya zo kan, yatsunsa suka riƙa cin karo da tabon nan, goma sha bakwai, kuma babu wanda bai tuna Juma'ar da ya yi shi ba. Nan ya kasa ci gaba, sai liman ne ya karɓi ƙwaryar ruwan.