Kaciyar Attahiru

Ni dai tun asali kaina ba ya ja. Shekarar da aka sami mulkin kai, da na ji manya suna cewa wahala ta ƙare, sai na ɗauka har wanzami za a kora tare da Turawa. Na bi gari ina yi wa yara albishir. Ana gama kai gero rumbu, ɗari na sauka, sai ga wanzami da zabirarsa a ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu na kusa da Tambuwal.

Mu 'yan shekara bakwai aka tara, amma cikinmu akwai gardi guda, Attahiru, wanda ya girme mu nesa. Uwarsa Inna Kulu, mutuniyar Kebbe, ita ta hana a yi masa da wuri. Duk ɗari sai ta ƙirƙiro ziyara ta tafi da shi garinsu. Tana cewa ƙannenta maza wurin kaciya jini ya ƙare musu, kuma ɗanta irin jikinsu ya ɗauko. Mu ma mun gani. In muna langa ya faɗi, gwiwarsa takan kumbura kamar ƙwarya, ya kwana biyu yana jan gindi. Da ya yi famfara kuwa, har zanen uwarsa sai da ya rine.

Wannan bai hana mu tsokanarsa ba. A tafki, in mun kai tumaki shan ruwa muka tuɓe, shi da wando yake shiga. Ni da ko allo ban iya wankewa ba, Allah ya ba ni baki. Na haɗa masa waƙar amaryar Inna Kulu, yara na amshi, 'yan mata masu ɗibar ruwa na sheƙa dariya. Waƙa ta kai majalisar ubansa. Attahiru da kansa ya yi ta kuka yana roƙon a yi masa, uban kuwa ya rantse bana ba mai zuwa Kebbe.

Aka zaunar da mu bakin ramu. Ni na cika unguwa da ihu tun aska ba ta taɓa ni ba. Shi ko da aka zo kansa, sai ya dube ni yana murmushi. Namu jinin ya tsaya da garin bagaruwa. Nasa aka zuba bagaruwa, aka zuba toka, aka ɗaure, aka kawo rubutu, yana ta tsattsafowa. Muna gefe, kara tsakanin gwiwoyi, muna cin kaji, shi jikinsa yana yin fari. Bai ga warkewarmu ba.

Yanzu na ji likita a rediyo yana cewa ciwo ne, jini ba ya daskarewa, ta wajen uwa ake gadonsa, akwai allurarsa, kuma a gwada yaro kafin aska. Ashe matar da muka mai da mahaukaciya ita kaɗai ke da hankali a garin.

Ranar da muka fito da sababbin riguna muna zaga dangi, Inna Kulu ta kira ni ta bakin darni, ta miƙo mini rigar da aka ɗinka wa Attahiru.

"Amshi, ɗana. Kai ka iya waƙa. In kun tafi tafki, ka shaida musu ya zan namiji."