Tukunyar Miya a Cikin Waya

Sharifuddeen ɗan Zongo, mai bakin gardama, sau ɗaya ya sha kaye, a hannun gwaggonsa Ajaratu kuwa. Ranar sunan 'yarsa ne. Lungun gidan ɗaya ne tal, baƙi na shiga, tukwane na fita. Gogan, da karatunsa na Faransanci, ya kafa doka: wanda ya riga zuwa shi zai wuce.

"Sannu injiniya," in ji gwaggo. "Mutum in an tsayar da shi, tsaki zai yi. Miya in ta zube, da digirinka za ka kwashe?" Ranar har liman sai da ya manne da bango, tukunya ta wuce.

Wai yau da wannan karatun na gwaggo yake cin abinci a wani kamfani a unguwar Cacavéli, ko godiya gwaggo ba ta samu ba. Aikinsa saita suwic, akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa. Waya ɗaya ke ɗaukar saƙonnin ma'aikata da bayanan da ake kaiwa ma'ajiya, su kuwa waɗannan ko ɗigo ya ɓace an yi ɓarna. Sai ya ware wa ma'ajiya layinta, gaba da kowa.

Rannan patron, wato mai kamfanin, ya shigo yana huci, wai bidiyonsa na tsinkewa. A sa ofishinsa gaba, ko Sharifuddeen ya nemi wani aikin.

"Patron, kai tsaki za ka yi. Fayilolin kamfani in sun zube, da me za mu kwashe? A lungunmu har liman ya matsa wa tukunya."