Allurar Mura da Kunyar 'Yar Fari

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a hannun Hausawan da ya san abin da hakan ke nufi. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce, "Ina waccan yarinyar?" ko da kuwa ina tsaye a gabanta da tire a hannu. Aure ne ya kawo ta Jidda daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Ta koyi Larabcin kasuwa, ta iya dafa shinkafar kabsa har ta fi matan unguwa, amma kunyar 'yar fari ta riƙe ta gam, ko kaɗan zaman Jidda bai sassauta ta ba. Ana yaye ni Gwaggo, yayar marigayi Baba, ta ɗauke ni. A ɗakinta na girma, bene ɗaya ne tsakaninmu da Inna a gidanmu na unguwar Madain Fahd. In baƙuwa ta tambayi Inna ko ni wace ce, sai ta ce, "'Yar Gwaggonsu ce."

Ina yarinya abin yana ci mini rai. Ƙawayena Larabawa iyayensu mata suna rungume su a ƙofar makaranta, ana "habibti, habibti," wato masoyiyata, ni kuwa tawa uwar in mun haɗu a matakala sai ta ga wani abu mai muhimmanci a jikin bango. Da na girma na gane al'ada ce, na yi aure, na haihu, na dawo kusa da gida da zama, amma ganewa daban, daina jin zafi daban.

Gidanmu masaukin 'yan Umara ne. Da sanyi ya fara shigowa sai dangi su yi ta sauka daga Najeriya da Nijar, na kusa da waɗanda sai an zauna an warware zumuncin kafin a gane su. Suna zuwa da kilishi da daddawa da labarin gida, suna dawowa daga Makka da tari. Sanyin bara waccan tarin ya kama Inna, ga ta da ciwon suga, ga fuka. Abin da ya fara da atishawa ya kai mu asibiti, aka sa mata abin numfashi a fuska, ƙirjinta na ƙugi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallonta, don ko a wannan halin ba za ta so ta buɗe ido ta gan ni a gefen gadonta ba. Allah ya tashi kafaɗarta. Da za a sallame mu likita ya ce kafin sanyi mai zuwa lallai a yi mata allurar rigakafin mura, don ƙirjin nan ba zai sake ɗaukar irin wannan ba. Ya ce ba ma sai an zo asibiti ba, ana yi a saidaliyya, wato kantin magani na unguwa.

Inna ta ce Allah ya saka wa likita da alheri, amma ba da ita ba. Wayarta cike take da saƙonnin murya da ƙawayenta ke turo mata: wai allurar na shanye hannu, wai wata ta yi ta kwanta ba ta tashi ba, wata da ba wanda ya san sunanta ko garinsu. Autanmu, direba a unguwar Abhur, shi ne ɗan lelenta, shi aka fara turawa. Ya zo da 'ya'yan itace da daɗin baki, ta karɓi 'ya'yan itacen ta kore shi. Gwaggo, da tuni ta yi tata allurar, ta nuna mata damtse ta ce ga shi ba abin da ya same ta. Inna ta ce ai Gwaggo ko maciji ya sare ta shi zai kwanta jinya.

Ni kuwa ba ni da bakin magana. 'Yar fari ba ta zama ta yi gardama da uwa ido da ido. Sai dai mu zauna mu uku a falo, in ce, "Gwaggo, a gaya wa Inna baƙi sun fara bugo waya, sanyi ya kusa." Inna ta dubi fanka ta ce, "Yaya, a gaya wa masu magana na ji, ina da citta da lemon tsami da habbatus sauda." Gwaggo na tsakiya tana juya kai dama da hagu, har ta gaji ta ce mu biyun duka mun ishe ta.

Tsoro nake ji, tsoro na gaske. Duk tarin da na ji a matakala sai gabana ya faɗi. Tsoron kuma ya koma haushi, don na gaji taurin kai, kuma an san inda na gaje shi.

Wata Alhamis bayan la'asar na shigo da abayata a jiki, na tsaya a tsakiyar falo na ɗaga murya yadda ko maƙwabta za su ji.

"Gwaggo, na tafi saidaliyya. Allurar murar nan za a yi mini. In na dawo da hannuna a shanye, sai a samu abin tura wa mutane a waya."

Niyyata kawai in dawo in yi ta yawo a gabanta lafiya lau, ko za ta ga ba a mutuwa. Inna na tsince shinkafa. Hannunta ya tsaya cak a cikin faranti, amma ba ta ɗago ba. Hana ni ba za ta iya ba, don hanawa nuna damuwa ce, nuna damuwa da 'yar fari kuma abin kunya ne. Na fita ina huci.

Na wuce mai gasa burodin tamis, na wuce shagon gyaran waya. A gilashin shagon ɗinki ne na hango wata tsohuwa a bayana, ta yafa mayafi a karkace, tana jan ƙafa da silifas ɗin banɗaki. Inna ce, matar da ba ta fita ko ƙofar gida sai ta sa turare ta zaɓi takalmi. Na rage sauri, ita ma ta rage. Na tsaya kamar ina duba waya, ta tsaya tana taya tumatir da ba ta da niyyar saya. Da muka kai ƙofar saidaliyyar na riƙe mata ƙofa, ta wuce ni tana gaya wa iska, "Man zafi na zo saya."

A can ƙuryar kantin, bayan kantocin sabulu da madarar jarirai, akwai ɗan ɗaki mai labule. Ma'aikaciyar wata matashiya ce mai farar riga, daga jin harshenta 'yar Masar ce. Ta karɓi iƙamata, wato katin izinin zama, ta duba, ta tambaye ni ko ina da zazzaɓi, ko wata allura ta taɓa tayar mini da ƙaiƙayi. Na zauna a kujera na fara naɗe hannun riga. Sai labule ya yaye, Inna ta shigo.

Inna ba ta dube ni ba. Ma'aikaciyar ta duba, ta ce mata da Larabcinta na kasuwa, "Istanni. Dakata. Ana awwal, da ni za a fara."

Na ce, "Inna, ai kun ce..."

"Ba da ke nake ba," in ji ta, kuma wannan ma ci gaba ne, don ta ce "ke." Ta juya ga ma'aikaciyar tana haɗa Larabci da Hausa da nuni da hannu. A yi mata tukuna, ta zauna ta ji abin da allurar za ta yi. In hannunta ya shanye ko ta faɗi, to halas, shi ke nan, kada a kuskura a taɓa wannan. Ita ta riga ta ci zamaninta.

Sai a lokacin na gane. Ba ta canza ra'ayi ba ko kaɗan. Har zuciyarta ta yarda abin da ke cikin sirinjin nan zai iya kashe mutum, shi ya sa ta biyo ni da silifas ɗin banɗaki don ya fara shiga jikinta. Na tashi daga kujerar na ba ta wuri, don in na yi gardama sai ta fasa. Na lalubo hoton iƙamarta a wayata na miƙa, na amsa tambayoyin suga da fuka. Inna ta zauna, ta zaro damtsenta siriri daga mayafi, ta runtse ido tana salati da kalmar shahada.

"Halas, ya hajja," in ji ma'aikaciyar, tana manna mata auduga.

Inna ta buɗe ido ɗaya. "An yi?"

"An yi."

"Yo sauron Jidda ma ya fi wannan iya aiki."

Duk da haka ba ta yarda a taɓa ni ba. Ma'aikaciyar ta ce dama ana so mutum ya ɗan zauna bayan allura, Inna ta ce ita ma abin da ta zo yi ke nan. Ta zauna tana ɗaga hannu tana saukewa, tana murza yatsu, tana jiran mutuwa, mutuwa kuma ba ta da niyyar zuwa. Har aka fara kiran magariba a masallacin bayan kantin. Sannan ta gyaɗa kai ta ce yalla, maza a yi wa wannan ɗin.

Na zauna. Bisa al'ada nan ne ya kamata ta fita ko ta juya baya. Ta juya bayan kuwa, tana karanta kwalayen magani da ba ta iya karantawa ba. Amma da ma'aikaciyar ta goga mini auduga mai sanyi, sai na ji Inna ta ce, ƙasa ƙasa, fuskarta na bango:

"Bishwesh. Hadi binti."

Wato a hankali, 'yata ce. Ina da 'ya'ya har da mai shirin aure, amma ranar na fara jin wannan kalmar daga bakinta. Ban san lokacin da allurar ta shiga ba. Ma'aikaciyar ta ga hawaye ta ɗauka zafi ne, tana ta ba ni haƙuri.

A hanyar gida ba ta koma bayana ba, kafaɗa da kafaɗa muka tafi, ba man zafi a hannun kowa. Muna shiga na ce, "Gwaggo, yau Inna ta ce ni 'yarta ce, a gaban shaida." Gwaggo ta rangaɗa guɗa har yaran bene suka leƙo. Inna ta koma kan shinkafarta ta ce, "Yaya, a gaya wa masu magana da Larabci na faɗa, ba ya cikin lissafi."

Washegari hannunta ya ɗan yi tsami, ta tabbatar kowa a gidan ya sani. Baƙi suka sauka kamar kullum, suka je Makka suka dawo da tarinsu. Inna ta yi 'yar mura ta kwana biyu, tana atishawa tana tuƙa musu tuwo, ko ƙofar asibiti ba mu gani ba. Na yi ta taƙama a gidan nan kamar ni na haɗa allurar, ita kuma ta shiga tura wa ƙawayenta saƙon murya cewa su daina tsoron banza.

Bana, tun zafi bai gama sauka ba, muna zaune mu uku a falo, Inna ta dubi fanka ta ce, "Yaya, a tambayi waccan yarinyar yaushe za a koma saidaliyya. Kuma a gaya mata kada ta kuskura ta riga ni."